Garin da Kowa Ya Tsiro da Ƙaho

Ranar Lahadi ce da hantsi, a wani ƙaramin gari na ƙasar Faransa. Abokai biyu suna zaune a ƙofar shagon shan gahawa. Jean tsaf yake, kaya a goge, takalmi sai ƙyalli, ga mataji da ɗan madubi a aljihu. Bérenger kuwa giyar jiya ba ta gama sakinsa ba, kai a hargitse, riga a yamutse, sai hamma yake dokawa. Jean na cikin yi masa faɗa a kan ya kama kansa ya zama mutum, sai aka ji ƙasa tana girgiza, ƙura ta turnuƙe. Karkanda ce ta ratsa tsakiyar gari a guje. Kafin mutane su gama riƙe baki, sai ga ta kuma, wannan karon har ta tattake kyanwar wata mata.

Maganar inda dabbar ta fito da yadda za a tare ta ba ta daɗe a bakin mutanen garin ba. Gardamar da ta kaure ita ce: ta farkon ce ta dawo ko wata ce daban? Ƙahonta ɗaya ne ko biyu? Ta Afirka ce ko ta Asiya? A kan wannan Jean da Bérenger suka yi cacar baki har Jean ya tashi ya tafi cikin fushi. Wani malamin mandiƙi da ke zaune kusa, da malafarsa a ka, ya ɗauki zancen ya fasa shi gida-gida, ya jujjuya, daga ƙarshe ya shaida wa jama'a cewa amsa dai ba a samu ba, amma an gyara tambayar ta zauna daidai. Kowa ya watse da gamsuwa, matar nan kuwa tana rungume da gawar kyanwarta.

Haka wasan kwaikwayon Rhinocéros, wato Karkanda, ya buɗe. Eugène Ionesco ne ya rubuta shi da Faransanci. An fara nuna shi a birnin Düsseldorf na Jamus a ƙarshen 1959, sannan a Paris a Janairun 1960, inda Jean-Louis Barrault ya fito a matsayin Bérenger. A shekarar kuma Orson Welles ya shirya shi a Landan, Laurence Olivier ya hau dandamali. Wanda ya ji labarin a taƙaice zai ce shirme ne kawai: mutanen gari suna rikiɗa suna komawa karkanda ɗaya bayan ɗaya har ya rage saura mutum guda. Shirme ne kam, amma irin wanda aka auna aka yanka. Yana cikin rubuce-rubuce mafiya kaifi da aka yi a kan yadda mutanen kirki suke wayar gari cikin garken azzalumai ba tare da an ɗora musu bindiga a ka ba.

Abin da ya gani a Bukarest

An haifi Ionesco a 1909 a garin Slatina na ƙasar Romaniya. Ya yi ƙuruciyarsa a Faransa, ya koma ƙasar ubansa yana saurayi, ya yi karatu a Jami'ar Bukarest. Lokacin nan Turai tana cikin guguwar fasisanci. Kalmar ta samo asali ne daga wata alama ta tsohuwar daular Rum, damin sanduna da aka ɗaure tare da gatari. Ma'anar a fili take: sanda ɗaya ba ta da wata daraja, dami shi ne komai, gatari kuma na jiran wanda ya zame. Musolini ya hau mulkin Italiya da wannan aƙida a 1922, Hitila ya hau na Jamus a 1933.

Romaniya ma ta samu nata rabon. A 1927 Corneliu Zelea Codreanu ya kafa ƙungiyar da aka fi sani da Dakarun Ƙarfe, masu sanya korayen riguna, waɗanda suka cuɗa kishin ƙasa mai zafi da rigar addini da ƙiyayyar Yahudawa. Su ne suka kashe Firayim Minista Ion Duca a 1933, suka kashe wani Firayim Ministan, Armand Călinescu, a 1939. A 1940 suka shiga gwamnati, a Janairun 1941 kuma suka yi wa Yahudawan Bukarest kisan gilla.

Abin da ya fi tsaya wa Ionesco a rai shi ne irin mutanen da ƙungiyar ta ja. Ba jahilai da 'yan tasha kaɗai ba ne. Malaman jami'a ne, marubuta ne, abokan hirarsa ne. Mircea Eliade da Emil Cioran, waɗanda daga baya sunansu ya zaga duniya, duk sun karkata gare ta a ƙuruciyarsu. Ionesco ya ba da labarin wani ɗan gungu na abokai da suke taruwa don neman hujjojin da za su tunkari farfagandar da su. Lokaci-lokaci sai ɗaya ya ce shi fa ba ya tare da mutanen nan, sai dai a kan abu kaza dole a yarda suna da 'yar gaskiya. Da an ji haka an san an rasa shi, bayan 'yan makonni za a gan shi cikin sahu. A ƙarshe 'yan ƙalilan suka rage. Ga kuma labarin marubucin Suwizalan Denis de Rougemont, wanda ya halarci wani gangamin 'yan Nazi a Jamus, ya ji yadda zumuɗin taro yake neman ɗaukarsa kamar ambaliya, da ƙyar ya riƙe kansa. Ionesco ya ce wannan labari yana cikin abin da ya haifi wasan.

Me ya sa sai da shirme?

Mai karatu zai iya tambaya: wanda ya ga wannan da idonsa, me ya hana shi rubuta shi tiryan-tiryan, da sunaye da ranaku? Amsar tana cikin irin wasan da Ionesco da takwarorinsa suke yi bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Mai nazari Martin Esslin ne ya raɗa musu suna a littafinsa na 1961, sunan da za mu iya kira da wasan kwaikwayon shirme, ya haɗa Ionesco da Samuel Beckett da Jean Genet da wasu a rukuni ɗaya. Mutanen nan sun ga nahiyar da take alfahari da ilimi da hankali ta yi amfani da jadawalin jirgin ƙasa da takardun ofis wajen halaka miliyoyin rayuka. Sai suka daina amincewa da labari mai kai da gindi. A ganinsu, duniyar da ta haukace ba a nuna ta da madubi mai santsi.

Wasansa na farko, La Cantatrice chauve, wanda aka nuna a 1950, daga littafin koyon Ingilishi ya tsiro. Ionesco yana kwafar jimlolin darasi, irin su mako kwana bakwai ne, rufi yana sama, daɓe yana ƙasa, sai ya lura da cewa mutane suna iya yin hira ta tsawon sa'a da magana mai kama da magana alhali ba komai a cikinta. Bakin da ya saba da maimaita abin da bai auna ba, shi ne bakin da taken jam'iyya yake samun masauki a cikinsa.

Babbar dabarar irin wannan wasa ita ce a ɗauki zancen baka a mai da shi zahiri. Mukan ce wane ya zama dabba, mu wuce. Ionesco ya ce to bari mu gani, a fito da shi dandamali, fata ta yi kauri, ƙaho ya tsiro. A tatsuniyarmu dabbobi ne suke aron halin mutane, Gizo da wayo, Kura da haɗama, mu yi dariya mu gane kanmu. Nan an juya ƙwaryar, mutane ne suke barin mutuntaka, kuma da ƙafarsu suke tafiya. Amfanin jirwaye mai kamar wanka shi ne ba ya tsufa. Da ya sa wa mutanensa rigar 'yan Nazi, ɗan kallo zai ce wannan matsalar Jamusawa ce, an gama da ita a 1945. Karkanda kuwa ba ta da tuta, ba ta da katin jam'iyya. Masu nazari da yawa sun danganta koren da fatar masu rikiɗa take yi da korayen rigunan Dakarun Ƙarfe, amma shi Ionesco ya nace cewa wasan ya shafi kowace irin haukar taro, ta dama ko ta hagu, har da 'yan bokon Paris da suke nema wa mulkin Stalin uzuri.

Kowa da ƙofar da ya bi

A duk tsawon wasan babu shugaba. Babu mai jawabi a kan mumbari, babu ɗan sandan da ya buga wa wani ƙofa da tsakar dare. Bertolt Brecht, a wasansa Arturo Ui da ya rubuta a 1941, ya nuna Hitila a siffar ɗan daba na birnin Chicago da ya mamaye kasuwar kayan lambu, don a ga yadda azzalumi yake hawa da kuma attajiran da suka riƙe masa tsani. Ionesco bai ko kalli wajen shugaban ba. Idonsa yana kan maƙwabci da abokin aiki, yana bin kowa don ya ga ƙofar da ya bi ya shiga garke.

A kashi na biyu muna ofishin da Bérenger yake aiki. Botard, tsohon malamin makaranta kuma ɗan ƙungiyar ƙwadago, ya rantse babu wata karkanda, ƙaryar 'yan jarida ce. Ana cikin haka sai ga matar wani ma'aikaci mai suna Boeuf ta shigo tana haki, karkanda ta biyo ta tun daga gida, har ta rushe matakalar benen. Matar ta leƙa ƙasa, ta ji irin kukan da dabbar take yi, sai ta gane mijinta ne. Ta ce ba za ta bar shi a wannan hali ba, ta yi tsalle ta dira a bayansa suka tafi. Ita soyayya ce ta kai ta. Shugaban ofis, Papillon, abin da ya dame shi shi ne aiki zai tsaya kuma ya rasa ma'aikaci. Botard kuwa nan take ya sauya baki, ya ce shi bai taɓa musu ba, ya ma san waɗanda suka ƙulla makircin. Daga baya shi ma ya bi, da hujjar cewa dole a tafi da zamani. Wanda ya fi kowa ihun adawa ya zama ɗan bi yarima a sha kiɗa.

Rikiɗar Jean ce kaɗai ake yi a gaban 'yan kallo, kuma a nan wasan ya fi nauyi. Bérenger ya je ɗakinsa ba shi haƙuri a kan faɗan jiya, ya tarar da shi a kwance. Murya ta dishe, numfashi ya yi nauyi, wani ɗan ƙullutu ya fito a goshi. Jean yana shiga banɗaki yana fitowa, kowace fitowa ya fi kore, ƙullutun ya fi girma. Abin lura shi ne tunaninsa yana sauyawa tare da fatarsa. Da farko ya ce lafiyarsa ƙalau. Can ya ce ai Boeuf yana da 'yancin zama abin da ya ga dama. Can kuma ya ce abota ba komai ba ce, ɗa'a ta ishe shi, dokar daji ta fi masa. Daga ƙarshe ya sunkuyar da kai ya yi kan abokinsa. Wannan fa shi ne mutumin da jiya yake wa'azin kamun kai da wayewa. Ashe tsaftarsa da ƙa'idarsa duk na a-gani-a-yaba ne. Wanda ya saba auna kansa da abin da ake yayi, ran da yayin ya koma ƙaho, shi zai riga kowa. A nunin da aka yi a New York a 1961, ɗan wasa Zero Mostel ya yi wannan rikiɗa da fuska da murya da jiki kawai, har ya ci lambar Tony.

Mafi ban tsoro a cikinsu shi ne Dudard, masanin shari'a, mai sanyin magana. Ba ya zagi, ba ya ɗaga murya. Ya zo duba Bérenger a kashi na uku, yana ba shi shawarar kada ya ɗauki abin da zafi. Wa ya san inda daidai ya ƙare, inda karkace ya fara? Ai kamata ya yi a fahimci mutane kafin a yanke musu hukunci. Kowace jimlarsa, in ka ɗauke ta ita kaɗai, maganar mai hankali ce. Bérenger ya kasa ka da shi a gardama, ya ce bari ya nemo malamin mandiƙin nan ya taimake shi, sai ya leƙa taga ya hango malafar malamin a soke a kan ƙahon wata karkanda. Shi ma Dudard daga bisani ya sauka, yana cewa wajibi ne ya kasance tare da shugabanninsa da abokansa, in ma suka ce, gara ya yi ta daga ciki. Wannan shi ne abokin nan na Bukarest, mai cewa ba ya tare da su, sai dai a kan abu kaza.

Ran da mudu ya sauya

Akwai wani abu da wasan yake yi wa idon ɗan kallo da kunnensa a hankali. Da farko ba a ganin karkanda, sai ƙura da rugugin kofato. Daga baya kawunansu suka fara bayyana a bangon dandamali, suna ƙaruwa. Ionesco ya ba da umarnin cewa yayin da wasan yake matsowa ƙarshe, kawunan su riƙa yin kyau, gurnaninsu kuma ya riƙa komawa kamar waƙa. 'Yan kwana-kwanan da suka ceci ma'aikatan ofis sun bi. An kunna rediyo, gurnani. An ɗaga tarho, gurnani.

Dabbobin suna nan yadda suke tun ranar Lahadi. Mudun da ake awo da shi ne ya sauya. Ran da suke biyu, annoba ce. Ran da suka fi yawa, su ne jama'a, mai santsin goshi shi ne marar lafiya. A farkon shekarun 1950 masanin halayyar ɗan Adam Solomon Asch ya gwada haka a Amurka da abu mai sauƙi, auna tsawon layuka a kan kati. In mutanen ɗaki suka haɗa baki suka ba da amsar da kowa yake gani kuskure ce, kusan uku cikin huɗu na waɗanda aka gwada sukan bi su aƙalla sau ɗaya.

Daisy, mai buga tafireta da Bérenger yake so, ita ce ta ƙarshe tare da shi. Sun yi alkawarin riƙe juna. Amma tana sauraron gurnanin nan har ta fara jin daɗinsa, ta fara ganin ƙarfi da lafiya a jikin dabbobin, ta fara jin kunyar raunin ɗan Adam. Suka yi sa-in-sa, ya mare ta, ta sulale ta sauka. Kaɗaici ne ya kore ta, ba hujja ba.

Gwarzon da ba gwarzo ba

Me ya sa mashayi, malalaci, mai zuwa aiki a makare, shi ne ya rage? Da Ionesco ya so wa'azi, da ya ba mu jarumi mai ilimi da zai tsaya ya rusa hujjojin garke ɗaya bayan ɗaya. Bai yi haka ba, domin a Bukarest ya ga masu hujja su ne suka fara tafiya. Bérenger bai iya gardama ba. Abin da yake da shi kawai shi ne zuciyarsa tana tashi in ya ga ƙaho, kuma yana jin abin da ya sami maƙwabcinsa ya shafe shi. Da ma can bai taɓa dacewa da sahu ba, shi ya sa sahun bai ja shi ba.

Ko a hakan ma marubucin bai bar shi ya fita da girma ba. Da ya rage shi kaɗai, ya tsaya gaban madubi ya ga fatarsa fara, sakwaf, goshinsa fayau, sai ya ji ƙyamar kansa. Ya yi fatan ƙaho ya fito masa. Ya gwada gurnani, abin ya ƙi. Sai da ya tabbata ƙofa ta rufe, sannan ya zabura ya nemi bindigarsa, ya ƙudurta ba zai miƙa wuya ba. Jarumtaka ce ko rashin mafita? An rufe labule ba a faɗa mana ba.

Wasan bai tsira daga suka ba, kuma sukar tana da ƙafa. Tun a 1958 mai sharhi Kenneth Tynan ya yi musayar alƙalami da Ionesco a jaridar Observer ta Landan, yana zarginsa da juya wa matsalolin zahiri baya. Game da Karkanda, wasu sun ce in ka mai da fasisanci cuta mai yaɗuwa kamar mura, ka ɓoye yunwa da rashin aiki da kuɗin attajirai da makircin 'yan siyasa da suka share masa hanya. Gaskiya ne, wanda yake neman wannan sai ya koma wajen Brecht. Wasu kuma suka ce Bérenger bai ba da wata aƙida da za a riƙe a madadin ta garke ba. Ionesco bai ɗauki wannan a matsayin aibi ba, domin a wurinsa aƙidar da aka dafa aka miƙo wa mutum ya haɗiye ita ce mafarin ƙaho. Duk da haka salon ya yi amfani a inda ake tsoron magana. A Prague ta zamanin kwaminisanci, Václav Havel ya yi wa harshen ofisoshin gwamnati irin wannan tsiya a wasanninsa na 1963 da 1965, kuma a 1989 shi ne ya zama shugaban ƙasarsa.

Akwai tarko ɗaya da ya rage, wanda aka ɗana wa ɗan kallo. Kowa yana fitowa daga zauren yana jin shi ne Bérenger, abokan hamayyarsa su ne garke. Waɗanda suka cika zauren Düsseldorf a 1959 shekara 14 kacal ke tsakaninsu da faɗuwar Hitila, kuma ba duka ne suka kwana da santsin goshi a zamaninsa ba. Ga shi kuma kiran mutane dabbobi shi ne matakin farko da 'yan fasisanci suke takawa kafin su ɗaga gatari. Saboda haka wanda ya kalli wasan ya fito yana ƙirga ƙahonin wasu, ya koma teburin shan gahawar nan, yana gardamar ta Afirka ce ko ta Asiya.

Hausawa suna cewa in ka je gari ka ga kowa da wutsiya, kai ma nemi taka ka ɗaura. Shawara ce ta zaman lafiya, kuma sau da yawa tana da amfani, baƙo ba ya zuwa ya sauya wa gari al'ada. Amma ɗaurarriyar wutsiya ana kwance ta in an koma gida. A garin Ionesco babu wanda ya ɗaura, tsirowa take yi, kuma cikin duk waɗanda suka sauka matakala suka bi garke, babu ko ɗaya da aka ga ya dawo.